Manhajar Masu Fasasshiyar Waya

A hawa na huɗu aka ƙulla cinikin, a wani ofis da na'urar sanyi ta yi yawa har Kawu ya riƙa jan hannun rigarsa. Masu cinikin mutum biyu ne. Ga 'yar ƙanwarsa, wadda dangi ke kira Injiniya tun ranar da ta kwance rediyon gida tana 'yar shekara tara. Ga kuma mai kamfanin talla, wanda 'yan kasuwar waya suka laƙaba wa Mai Kwat, don ko zafi ya kai ina ba a ganinsa sai da ita. Shi Kawu shaida ne kawai. Shekararsa ashirin yana gyaran waya a rumfa ɗaya, kuma yarinyar ta ce ba za ta sa hannu a komai ba sai yana zaune.

Abin da ake ciniki a kansa manhaja ce mai suna Saura Ɗaya. Ta 'yan ƙwallon unguwa ce. Ƙungiya ta je fili ta tarar wani ya maƙale bai zo ba, sai kyaftin ya danna, duk ɗan ƙwallon da ke kusa ya ga kira a wayarsa. Idan abokan karawa ake nema, su ma tana nemo su. Shekara biyu Injiniya ta yi tana gina ta, ita da abokin aikinta Tabarau, har ta ajiye aikin albashi saboda ita.

Mai Kwat ya jingina da kujera ya ce, "Ni aikina in kawo miki mutane bakin ƙofa. Dubu hamsin za su sauke ta, na yi alkawari, kuma ko sisinki ba na so. Ke kuma naki ki shigo da su ciki. Kwana sittin. In 'yan wasa dubu ashirin suka yi rajista, ina da kashi ɗaya cikin goma, sauran naku. In ba su kai ba, manhaja ta zama tawa, da sunanta da komai."

"Dubu ashirin cikin dubu hamsin," in ji ta. "Ai ko rabi bai kai ba."

"Shi ya sa na ce miki ni mutum ne mai sauƙi."

Kawu ya yi gyaran murya ya ce yana son magana da 'yarsa a waje. A bakin matattakala ya rage murya. "'Yar nan, mutumin nan ya ce ba ya son kuɗinki. To me yake so?"

"Kawu, na gwada da kaina wata shida, mutum ɗari takwas na samu. Ba ni da abin yin talla. In ban karɓi wannan ba, a aljihuna za ta mutu."

"In kin karɓa kuma ta rayu a aljihunsa fa?"

Ta yi dariya, ta ce shi dai Kawu kowa ɓarawo ne a wurinsa sai ya ga akasi. Suka koma ciki, lauya ya karanta takarda, ta sa hannu, shi ma ya rattaba nasa a gurbin shaida.

Gaskiya ɗaya ce, Mai Kwat ya iya aikinsa. Mako bai cika ba sai ga Saura Ɗaya a ko'ina. Ya ɗauko samarin nan masu barkwanci a bidiyo, waɗanda matasa ke bi kamar za su cinye su, ya ba kowa sabuwar waya fil mai ƙyalli, suna rawa suna nuna manhajar. A kwana na talatin da ɗaya dubu hamsin suka cika. Washegari ya janye tallarsa kaf, kamar an rufe famfo.

Waɗanda suka yi rajista kuwa dubu huɗu ne da 'yan kai.

Kawu ya ji labarin ne daga bakin ƙanwarsa, uwar yarinyar, da ta zo rumfa da hantsi ta zauna a bencin masu jira ba ta ko gaishe shi da kyau ba.

"Yaya, yarinyar nan ba ta ci, ba ta magana. Ita da wancan mai gilashin idon sun shige ɗakin baya, yau su mai da abin kore, gobe shuɗi. Jiya mutumin ya bugo mata, wai kada ta damu, in manhajar ta dawo hannunsa zai ɗauke ta aiki. Ka ji? Zai ɗauke ta aiki a kan abinta!"

"Me ta ce masa?"

"Ta ce na gode. Ta ajiye wayar ta shiga banɗaki ta buɗe ruwa don kada in ji kukanta. Kai ma da kai aka sa hannu, Yaya, sai ka san yadda za ka yi."

Yadda zai yi! Shi da ko turancin da ke jikin kwalin batir sai ya haɗa da hoto yake ganewa. Ya iya ciro ƙwaƙwalwar waya ya mayar, ya iya jin wari ya gaya maka abin da ya ƙone a ciki, amma abin da ke gudana a bayan gilashi ba gonarsa ba ce. Kwana huɗu ya yi abin na cinsa.

A rana ta biyar wani ƙaton saurayi ya zo, kwastomansa ne na tuntuni, mai tsaron raga a wata ƙungiya, kowa Gola yake ce masa. Wurin caji ne ya lalace. Gilashin wayar kuwa ya tsage daga ƙasa kamar saƙar gizo-gizo.

"Gilashin fa?" in ji Kawu.

"Bar gilashi, Baba. Gilashi sai mun ci kofi."

"To ashe da shi za a binne ka."

Gola ya ƙyalƙyale da dariya. Kafin ya miƙa wayar ya ce bari ya aika saƙo ɗaya. Ya rubuta, sai ya kwantar da wayar a gicce, rubutun ya juya, ya danna, ya sake miƙar da ita. Kawu ya ga wannan juyin ya fi sau dubu a rumfarsa. Duk mai fasasshiyar waya haka yake yi: in wani gefe ya daina jin taɓi, sai a juya ta abin da ake son dannawa ya koma gefen da ke da rai. Bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba.

Don dai a yi hira ya ce, "Kai ɗan ƙwallo, kana da Saura Ɗaya?"

Gola ya ja tsaki. "Wannan shashashar? Na goge ta tuni. Ba ta shiguwa."

"Kamar yaya ba ta shiguwa?"

"Ba ni datarka ka gani, ni tawa ba ta wasa ba ce."

Kawu ya buɗe masa. Gola ya sauke, ya rubuta sunansa, ya zaɓi mai tsaron raga, ya zo shafin ƙarshe. Can ƙasa a kusurwar dama akwai wata 'yar kibiya, siririya, kyakkyawa, ba ta fi ƙwayar wake ba. Ya danna, shiru. Ya sake dannawa da babban yatsa har gilashin ya yi ƙara, shiru. Ya kwantar da wayar a gicce, manhaja ta ƙi juyawa, tana nan a tsaye ƙiƙam.

"Ka gani? Taurin kai gare ta. Mu goma sha ɗaya muka sauke rana ɗaya a fili. Ni da mutum biyu muka kasa shiga. Kyaftin ya ce ƙungiyar da ba gola a ciki ai ba ƙungiya ba ce, kowa ya goge. Har waɗanda ba su kai ga gwadawa ba suka goge."

Kawu ya ajiye sukundireba a hankali. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo kwalin da yake tara tsofaffin gilasan da ya ciro, waɗanda masu sayen tarkace ke zuwa kwashewa. Ya ɗauko ɗaya ya ɗaga a haske, ya ɗauko wani, ya ɗauko wani. Waya ba ta cika faɗuwa a kwance ba, a kan kusurwa take sauka, wannan ya sani tun Gola yana yaro. Kuma wayar ɗan ƙwallo ta fi ta kowa shan wuya, ita ce a jaka ɗaya da takalmi, ita ce a gindin raga ana taka ta.

"Baba, cajin fa?"

"Ka dawo da yamma, kyauta zan yi maka."

"Kyauta? Lafiya kuwa, Baba?"

Kawu ya miƙe. Ya ɗauko wayoyi uku da masu su suka yasar a hannunsa, duk suna kawo wuta amma fuskarsu ta sha ƙasa, ya jefa a kwali, ya ja ƙofar rumfa da tsakar rana ya tari mota.

Ɗakin bayan gidan ƙanwarsa tebur biyu ne a ciki da fanka mai kuka, sai farin allo a bango an rubuta kwanakin da suka rage da jan alƙalami: ashirin da huɗu. Injiniya ta rame, idonta ya faɗa. Tabarau na gaban kwamfuta yana gwada wani sabon launi. Yaro ne mai ladabi, amma irin ladabin nan na mai jin ya fi ka sani.

Kawu ya dire kwalin a kan teburinsa.

"Sannu Kawu. Wannan fa?"

"Abokan cinikinku ne na kawo muku ku gaisa. Wannan 'yar kibiyar ta shafin ƙarshe, wa ya ajiye ta a can lungu?"

Tabarau ya gyara zaman gilashin idonsa. "Ni ne. Nan ne inda babban yatsa ke sauka. Akwai bincike a kai, Kawu, ba da ka aka yi ba."

"Madalla. Kun gwada ta?"

"A waya goma sha biyu, iri daban-daban."

"Sababbi?"

"Eh to, masu kyau dai."

Kawu ya jera wayoyin nan uku a gabansa. "Yi mini rajista a nan, ɗana. Ni ban yi boko ba, sai an nuna mini."

Tabarau ya dubi Injiniya, ita kuma ta ɗaga kafaɗa. Ya sa manhajar a ta farko, ta shiga lafiya, ya yi ɗan murmushi. A ta biyu ya zo kan kibiya ya danna, ba ta motsa ba. Ya goge gilashin da gefen riga ya sake dannawa. A ta uku ya danna sau huɗu, sai kawai hannunsa, ba tare da ya yi shawara da shi ba, ya kwantar da wayar a gicce.

Injiniya ta miƙe tsaye. "Ka juya ta!"

"Na'am?"

"Kai ma ka juya ta! Me ya sa ba ta juya ba?"

Tabarau ya yi tsuru-tsuru. Ya ce, "Ni na kulle ta a tsaye. In ta kwanta, hoton filin yana miƙewa, ba ya kyau."

Kawu ya zazzage kwalin. Gilasai suka baje a kan tebur, sun kai arba'in. Ya riƙa ɗauka yana nuna musu da farce. Wannan kusurwa, wannan kusurwa, wannan gefen dama gaba ɗaya, wannan kusurwa. Sannan ya ba su labarin Gola, yadda mutum uku suka kasa shiga, goma sha ɗaya suka tafi.

Injiniya ta dafe kai. "Mun gani fa. Mun ga mutane na tsayawa a shafin ƙarshe. Muka ce lambar waya ce suke tsoron bayarwa, muka cire ta. Muka ce launi ne. Muka ce rubutun ne ya yi yawa." Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda take zuwa da hawaye, har uwarta ta leƙo da ludayi a hannu tana tambayar wa ya mutu.

"Ba wanda ya mutu, Inna. Kibiyar Tabarau ce za ta mutu yanzu."

"Ba sai an kashe ta ba," in ji Tabarau a sanyaye. "Ana iya matsar da ita kaɗan."

"Ɗana," in ji Kawu, "ba ni alƙalamin allon nan."

Ya zana fuskar waya a allo, babba. Ya shafe kusurwoyi huɗu da ja, ya ja layi siriri a gefen dama, wani a ƙasa. "Duk inda ka ga ja, maƙabarta ce. Kada ka ajiye komai a nan sai abin da ba ka son a taɓa."

Kwana biyu suka yi a kai. Madannin ya dawo tsakiya, ƙato, an rubuta masa SHIGA, kuma manhajar ta koyi kwanciya ta kowane gefe. Tabarau ya ce ta yi muni kamar allon tallan magani. Amma shi da kansa ya bi duk sauran shafukan yana kwashe kaya daga inda Kawu ya shafa ja, kuma ya roƙi a bar masa wayoyin nan uku.

Gyara ya yi, sai dai waɗanda suka goge sun riga sun tafi, kuma saura kwana ashirin da biyu. Injiniya ta buga wa Mai Kwat waya ta ce an gano matsalar, ko zai sake sakin talla na mako ɗaya. Kawu na gefe yana ji.

"Ƙanwata, ni na cika nawa. Duba takarda. Amma kada ki damu, kujerarki na nan a ofishina, har na sa an goge ta."

Ta kashe wayar ta zauna tana jujjuya ɗaya daga cikin fasassun gilasan a hannu. Can ta ce, "Kawu, a tallarsa kowa sabuwar waya ce a hannunsa. Mutanenmu kuwa ɓoye tasu suke yi in za a ɗauki hoto. To mu ce su fito da ita. Kowa ya ɗauki hoton fasasshiyar wayarsa da Saura Ɗaya a buɗe a kai. Wadda ta fi kowacce ragargajewa kuma manhajar na aiki a kanta, a ba mai ita sabon gilashi. Kullum mutum ɗaya."

"Wa zai ba da gilashin?"

Ta dube shi. Tabarau ya dube shi. Har uwarta da ke bakin ƙofa ta dube shi.

"Kun ga marainin wayonku," in ji Kawu. "Ashirin da biyu, ko ɗaya ba zan ƙara ba." Sai kuma idonsa ya yi haske. "Tsaya. Mutum zai iya ɗaukar hoton wayarsa da wayarsa?"

"A'a, sai da ta abokinsa."

"To abokin zai tsaya yana kallo bai tambayi mece ce wannan ba?"

Injiniya ta tafa hannu ta ce da Kawu ya yi boko da yanzu Mai Kwat ke goge masa kujera.

Washegari Kawu ya bi layin masu gyara rumfa-rumfa da 'yan takardu a hannu. Rumfa talatin da wani abu ne a layin, kuma babu wanda bai taɓa aron kayan aikinsa ba ko ya kawo masa wayar da ta gagare shi. Suka yi ta tsokanarsa. Wani ya ce tsoho ya shiga harkar yara, gobe sai a gan shi da gajeren wando a fili. Wani ya ce, "Yanzu kai da kanka za ka koya wa mutane zama da fasasshen gilashi? Me za mu ci?"

"Za ku ci wurin caji da lasifika da batir. Duk wanda ya zo ganin takardar nan da waya a hannunsa zai zo, kuma ba ka taɓa ganin wayar ɗan ƙwallo mai ciwo ɗaya ba."

Suka manna. A kowace rumfa ga rubutu da manyan baƙaƙe: KO TA FASHE, TANA SHIGA. GWADA KAFIN A GYARA.

Gola ne ya fara kunna wutar. Bai yi hoto ba, bidiyo ya yi. Ya aro wayar wani ɗan bayansu wadda aka ɗaure da roba biyu da salatif, rabin fuskarta baƙi ƙirin, ya tsaya a gaban raga yana gabatar da ita kamar sabuwar mota, ya juya ta, ya danna SHIGA, ta shiga, 'yan ƙungiyar suka ɗauke shi sama suna ihu kamar ya tare fanareti. Kwana biyu bidiyon ya zagaye gari. Daga nan abin ya zama gasar fariya. Masu wayar da mota ta taka suka fito, masu wadda ta faɗo daga bene suka fito, har wata ƙungiyar 'yan mata ta jera wayoyinta goma sha ɗaya a kan ciyawa bisa tsarin da suke tsayawa a fili, mafi lalacewa a raga. Wasu 'yan gata masu lafiyayyun wayoyi suka fara ƙorafin an ware su.

Kuma yanzu ba ɗai-ɗai ake shiga ba. Yadda a da mutum uku ke fitar da goma sha ɗaya, haka yanzu mutum ɗaya ke jawo goma, su kuma su matsa wa ƙungiyar da za su kara da ita. Kullum da yamma Kawu na zaune yana sa wa wanda ya ci gasa gilashi yana mita, samari sun cika bencinsa har kan titi.

A kwana na hamsin da ɗaya rajista ta haura dubu goma sha biyar. A ranar ne da hantsi wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya a bakin layi, Mai Kwat ya fito yana tsallake kwatami, ya zo har rumfar Kawu.

"Baba, kai babba ne, kai za ka gane. Kwana tara ya rage, dubu biyar ba wasa ba ne. In ta faɗi, ta rasa komai. Ka ja hankalinta mu yaga waccan takardar, mu raba biyu, kowa ya huta. Kai ma ba za a manta da kai ba."

Kawu bai ɗago daga wayar da yake yi wa tiyata ba. "Ranka ya daɗe, ranar da take dubu huɗu ba ka zo raba biyu ba."

"Kasuwa ce, Baba."

"Kasuwa ce. Ni ma a cikinta na tsufa. Mai saye ba ya tsallake kwatami da irin wannan takalmin sai in ya ga kayan za su wuce shi. Zan gaya mata ka zo, don saƙo amana ne. Matsa kaɗan, ka tare mini haske."

Ya gaya mata kuwa, bai rage komai ba, har da cewa rabi a hannu ba abin rainawa ba ne, kuma in ta karɓa ba zai ga laifinta ba. Ta tambayi Tabarau. Tabarau, wanda yanzu ba ya fita sai da fasasshiyar waya ɗaya a aljihu don gwaji, ya ce shi dai ko kashi ɗaya ba zai ƙara wa mutumin ba. Ta aika wa Mai Kwat kalma biyu: "Duba takarda."

Kwana biyu bayan haka aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, filaye suka zama tafki, lambar ta tsaya cik a dubu goma sha bakwai. Uwarta ta daina yi wa Kawu magana. Shi kansa sai da ya sa wa wani batir a juye. Amma ruwan na ɗaukewa ƙarshen mako ya shigo, duk ƙungiyoyin da suka yi kwana uku a ɗaki suka fito neman abokan karawa a lokaci guda. A kwana na hamsin da bakwai, wajen ƙarfe goma na safe, Kawu na cikin ciniki sai ya ji ana kiransa tun daga bakin layi. Injiniya ce a guje, takalmi ɗaya a hannu, Tabarau na binta yana riƙe da gilashin idonsa kada ya faɗi.

"Kawu! Ta haye! Dubu ashirin da goma sha huɗu!"

Masu gyara suka fito suna buga sukundireba a jikin tebura. Wani ya kunna lasifikar gwaji har ƙarshe. Kawu ya so ya yi maganar manya, ya ce ai dama ya sani, sai kawai ya ɓige da faɗa wai wa ya ce ta yi gudu a titi ba takalmi.

Ranar cikar sittin suka koma hawa na huɗu da dubu ashirin da uku da ɗari huɗu. Mai Kwat ya ce bai yarda ba, sunayen bogi ne, na'ura aka sa ta ƙirƙiro su. Lauya, wanda mutum ne marar son dogon zance, ya ce a buɗe jerin, Mai Kwat ya zaɓi goma da yatsansa, a aika musu kira ta cikin manhajar. Takwas suka amsa nan take. Na tara ya ce yana aji. Na goma ya ɗauka yana haki, ana jin usur a bayansa.

"Malam, in ba gola kake nema ba ka kashe, ana wasa!"

Lauya ya rufe fayil.

To, ga yadda rabon ya kasance. Injiniya da Tabarau suka riƙe tara cikin goma na abinsu, kuma kafin wata ya ƙare sun bar ɗakin baya sun kama ofis mai taga biyu. Masu gyara na layin suka samu kwastomomin da ba su taɓa gani ba. Mai Kwat ya tashi da kashi ɗayansa, wanda ba ƙaramin abu ba ne, sai dai an ce tun a kwana na talatin ya riga ya yi wa wasu baƙi alkawarin sayar musu da manhajar ɗungurungum, sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri. Wanda ya yi asara tsantsa kuwa Kawu ne. Gilashi ashirin da biyu suka tafi, kuma har yau samarin garin ba sa jin kunyar fasasshiyar waya, sai su zo a gyara musu komai su ce a bar gilashin, wai ado ne. Kullum sai ya yi mitar wannan a rumfa da ƙarfi, yadda duk layin zai ji, don kada wani ya manta 'yar wa ce ta jawo masa.